Gangunan da Ke Cikin Hoton Mukhtaru

Tandabawi, Makka
9 ga Rabi'ul Awwal, 1372

Daga mahaifiyarka Ummulkhairi zuwa ga autana Mukhtaru, a garin Tur na ƙasar Faransa. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, ni lafiyata lau, sai gwiwar hagu da ke tashi in na hau bene. Yayarka Sa'adatu lafiya, cikinta ya shiga wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura amma tana cin abinci. Mijinta lafiya. Goggonka Mairama ce ba lafiya, tarin nan ya dawo, kwana goma ba ta sauko ƙasa ba, an yi mata ƙaho bai yi amfani ba. Garba ɗan baffanka lafiyarsa ƙalau, har ƙiba ya yi.

Wasiƙarka ta iso ranar Litinin tare da hoton. Kwana biyu na yi ina karanta ta, don rubutunka ya ƙanƙance, amma ban ba kowa ba. Ban zauna shekara biyu cikin 'yan mata a gidan Faƙiha Fatsuma ina koyon baƙi da furfura a kaina don wani ya riƙa jin maganata da kai ba.

Hoton ya faranta mini rai. Ga ka tsaye da hula irin ta direbobi, ga kwandon inabi a ƙafarka, ga gona ta miƙe har ƙarshen takarda kamar lambunan Ɗa'ifa. Abin da ya fi kama idona shi ne gangunan katakon da ke bayanka a bakin kogon dutse. Na ƙirga goma sha ɗaya, ban da wadda kafaɗarka ta rufe. Na ce da Sa'adatu, "Kin gani ko? Ɗan mai ruwa ko Faransa ya je, gindin ruwa zai tsaya." Ta ce, "Inna, wannan ai kowace ta fi barmil ɗin da jaki ke jawo mana daga wurin ɗiban ruwa na bazan sau uku." Na ce mutanen da ke da ruwa haka ai ba su san abin da Allah ya ba su ba.

Na nuna wa maƙwabta. Ka san abin da ake ta faɗa tun da Balaraben Aljeriyan nan ya tafi da kai bayan hajjin waccan shekara. Wasu sun ce ka ɓata cikin Nasara, wasu sun ce a bakin jirgin ruwa kake kwana. Yanzu sun ga kumatunka. Ranar Alhamis kuma na kai wa uwargidan Shehu Abdulƙadir, shugaban masu shayar da Zamzam. Ta duba, ta ce masha Allah, ta ce in bar mata ta nuna wa Shehu. Na bar mata.

Na zo ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Shekara talatin da ɗaya mahaifinka ya yi yana shayar da alhazan ƙasarmu ruwan Zamzam a Harami, ƙarƙashin Shehu Abdulƙadir. Da ya rasu bara ba ka nan, Shehu ya ce gurbinsa naka ne, ya ara wa Garba na hajji ɗaya tak. Hajjin ya wuce. Shehu ya aiko mini cewa ba zai sake arawa ba. Ranar ɗaya ga Zulƙida yake raba doraƙ, tulunan nan masu tsini da aka yi wa hayaƙin turaren mastika, kowane mai shayarwa ya karɓi nasa. In kana nan, na mahaifinka naka ne. In ba ka nan, na Garba ne, shi da 'ya'yansa. Garba ya riga ya fara zama inda mahaifinka ke zama, wajen ginshiƙi na uku, yana kiran alhazan Kano da sunayen unguwanninsu kamar shi ya san su.

Ba kuɗin nake duba ba, Auta. Muddin gurbin na nan, kana da abin da za ka dawo wa.

Ka gaya mini yadda kake gane alƙibla a can, da wanda ke yanka muku nama. In ka sami mai tahowa, ka aiko wa Goggonka zabibi daga gonar nan, ta ce tana marmari.

Allah ya tsare ka. Wassalam.

*

Tur
20 ga Jimada Awwal, 1372

Zuwa ga mahaifiyata, Allah ya ja kwananki. Wa alaikumus salam.

Inna, ina lafiya. Ki gaishe da Goggo, Allah ya ba ta sauƙi. Ki gaishe da Yaya Sa'adatu, Allah ya sauke ta lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Sanyi ake yi wanda in na riƙe alƙalami yatsuna ba sa rufuwa.

Yanzu ba aiki. Baƙi ba sa zuwa sai rana ta dawo, don haka wankin mota da gyaranta kawai muke yi. Alƙibla na san ta, da ɗan agogon maganaɗisu na auna. Nama wajen wani mahauci ɗan Maroko nake saye ranar Juma'a, sauran kwanaki ƙwai da kifi.

Kin sha tambayata irin aikin da nake yi. Motar bas nake tuƙawa, mai cin mutum talatin. Mutanen Amurka da Ingila ne ke zuwa yawon kallo, mu ɗauke su da safe mu zaga da su tsofaffin garuruwa da fadojin sarakunan da suka mutu, a bakin wani kogi da ake kira Luwar. Akwai wata mata da ke zama kusa da ni, ita ce jagora. Tana riƙe da lema, in ta ɗaga sai duk su bi ta a baya kamar alhazan ƙauye bayan muɗawwif mai yi musu jagorar ɗawafi. Ta ce su ɗaga kai, su ɗaga. Ta ce nan wani sarki ya bugi goshinsa da ƙofa ya mutu, su ce "O!" gaba ɗaya. Kullum labari ɗaya, har na haddace shi ba tare da na iya harshen sosai ba.

Akwai fadar da ake kira Shambor, a tsakiyar daji, ɗakunanta sun haura ɗari huɗu, ba kowa a ciki sai mai gadi da tsuntsaye. Wanda ya gina ta, an ce, kwanakin da ya yi a ciki ba su kai wata uku ba. Na tuna mu bakwai a ɗaki biyu. Akwai wata kuma da aka gina a kan kogi, ruwa na wucewa ta ƙarƙashin ɗakin girki. Inna, ruwa ne mai daɗi yake tafiya dare da rana, ba mai tare shi, ba mai ɗaukar sa a kafaɗa. Ranar farko da na gani na tsaya a kan gada har jagora ta danna mini ƙahon mota. Garin Shinon kuwa lungunansa kamar na unguwar Misfala, motata ba ta shiga, sai in ajiye su a bakin ganuwa su taka.

Maganar zabibi, inabin nan ba irin wanda ake shanyawa ba ne. Zan nema wa Goggo a kanti.

Maganar hoto, na aiko miki ne ke kaɗai, don ki ga ina lafiya. Ki karɓo shi daga gidan Shehu ki sa a akwati. Kin san mutanenmu ba kowa ke son hoto ba. Ki karɓo shi da wuri.

Maganar gurbin Baba na ji. Akwai sauran lokaci. Sai dai hajjin bana zai faɗo a tsakiyar watannin da baƙi suka fi yawa, kuma mai motocin ba ya son a yi masa maganar tafiya a lokacin. Zan duba.

Ɗanki,
Mukhtaru

*

Tandabawi
14 ga Rajab, 1372

Zuwa ga Mukhtaru. Assalamu alaikum.

Sa'adatu ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunan mahaifinka, muna kiran sa Abba. Goggonka ta daina tashi zaune sai an ɗaga ta. Ni ƙafata da sauƙi, barci ne ba na samu.

Wasiƙarka da kake cewa in karɓo hoto ta iso bayan abin ya faru da kwana tara. Ka san abin da ke cikinsa, shi ya sa ka ce in karɓo da wuri. Me ya hana ka faɗa tun ranar da ka sa shi a ambulan?

Ga abin da ya faru. Shehu ya ji daɗin hoton, ya ajiye shi a zaurensa yana nuna wa mutane, yana cewa ga ɗan Ja'afaru. Sai Idris mai turare ya kawo masa mastika. Ka san Idris, mutumin Fort Lami, wanda ya yi wa Faransa soja kafin ya zo nan. Shehu ya miƙa masa ya ce, "Kai da ka san ƙasar, dubi yaronmu a gindin ruwa." Idris ya duba ya fashe da dariya, sannan ya ga ba wanda ke taya shi ya haɗiye ta. Garba na zaune a wurin.

Garba ne ya kawo mini labarin. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya. Ya ce, "Inna, wallahi ban so in zama ni zan faɗa ba." Na ce, "To kada ka faɗa." Ya ce, "Ai ya zama dole, ɗan'uwana ne." Ya faɗa. Da ya gama ya ce, "Ni dai na ce da su Mukhtaru ba zai sha ba. Ƙila dai ɗanɗanawa, don sanyi." Na ce ya fitar mini daga gida, na kuma ce ya gaishe da uwarsa.

Ban yarda ba. Na sa mayafi na tafi har rumfar Idris a kasuwar Suƙ Sagir. Na ce, "Idris, ka ji tsoron Allah, da idonka ka ga abin da ke cikin gangar?" Ya ce, "Hajja, ki zauna." Na ce ba zama ya kawo ni ba. Ya ce, "Hajja, shekara biyu na yi a ƙasar. Na kwana a irin kogon nan lokacin yaƙi, warinsa bai bar rigata ba sai da na jefar da ita. Mutanen can ba sa tara ruwa a ganga, ruwa ya yi musu yawa. Inabin nan matse shi ake yi. Giya ce." Na ce, "Gonar duka?" Ya ce, "Har wadda ba ta fito a hoton ba." Sannan ya ce da ya san na uwar yaron ne da bai yi dariya ba. Ya so ya ba ni turaren wuta. Ban karɓa ba.

Ni na ɗauki hoton nan da hannuna na bi gida gida. Ni na ƙirga gangunan a gaban matan unguwa, ina cewa ku duba arzikin ruwa. Yanzu in na fita bazan sai magana ta tsaya. Matar mai burodi ta tambaye ni jiya, da murmushi, ko zabibin ya iso.

Shehu bai yanke hukunci ba, don darajar mahaifinka. Ya aiko matarsa ta faɗa mini cewa tsayawa a gaban abu ba laifi ba ne, mutum na iya tsayawa a gaban coci a ɗauke shi hoto. Amma hannun da ya sha giya ko ya ɗauke ta ba zai miƙa wa baƙon Allah Zamzam a ƙarƙashin sunansa ba. Tambaya biyu ya ce in yi maka. Ka sha? Ka ɗauka? Ya ce abin da ka rubuto mini shi zai karɓa, bayan Sallah ƙarama zai kira ni ya ji.

Ka ba ni labarin sarkin da ya bugi goshi da ɗakuna ɗari huɗu, shafi guda cur, gonar inabi kuwa layi ɗaya. Na lura. Karatuna a hankali yake, amma na lura.

Ka amsa mini biyun nan. Kada ka yi mini kwana-kwana.

Mahaifiyarka

*

Tur
11 ga Ramadan, 1372

Inna, assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Ina taya Yaya murna, Allah ya raya Abba. Allah ya ba Goggo lafiya. Ni ina azumi, rana a nan ba ta faɗuwa da wuri, ina tuƙi da shi haka.

Na rubuta miki wasiƙa uku na yaga. Wannan ba zan yaga ba.

Ban sha ba. Wallahi tallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Duk gonar da muka tsaya, mai gonar kan fito da kofi ya miƙa wa direba, al'adarsu ce. Shekara guda da rabi ina mayar da hannuna baya, har sun san ni, yanzu ruwa suke kawo mini suna dariya.

Na ɗauka. Kowace rana bayan fadoji muna ƙarewa ne a gonar inabi. Baƙi su shiga kogo, a zuba musu su ɗanɗana, su saya. Akwati ne na katako, kwalba goma sha biyu a ciki. Direba ne ke ɗaukowa daga bakin kogo ya jera a bayan mota, in an isa masauki ya sauke. Wata rana huɗu, wata rana goma. A farkon zuwana na ce da mai motocin addinina ya hana. Ya ce ya gane, ya nuna mini mutum uku da ke zaune a bakin gareji suna jiran kujerata. Na ɗauka a ranar, kuma ina ɗauka har yau. Jiya ma da azumi a bakina na ɗauki shida. Na san hukuncinsa, a Harami na yi karatu. Ba sai Garba ya tuna mini ba.

Ban faɗa miki ba don na ɗauka za ki kalli fuskata ne ki sa hoton a akwati. Ban san za ki ƙirga ganguna ba. Wa ya ce ki kai gidan Shehu, Inna? Me muke nema a wurinsu da sai sun ga kumatuna?

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Ni na riƙa shafa wa Baba man zaitun a kafaɗa, inda fatar ta yi kanta kamar gwiwar raƙumi. Shekara talatin da ɗaya, kuma kowane doraƙ da ya ɗauka alamar gidan Shehu ce a jikinsa, ba tasa ba. In alhaji ya ji daɗi, Shehu yake yi wa addu'a. In tulu ya fashe, Baba ake kira "ya Takaruni", sunan rainin da ake kiran baƙar fata da shi, a gaban mutane. Wannan ne gurbin da ake auna hannuna a kansa. A nan ina zaune ne a kan kujera, mutum talatin na bayana, in na tsaya su tsaya.

Ba na cewa nan ya fi. Ranar Juma'a in na ji shiru, ba kiran salla ko ɗaya, sai in rasa inda zan sa kaina. Ruwan nan mai yawa ba shi da ɗanɗano. Da a ce ƙofar a buɗe take, da na je na tambayi jirgin ruwan da ke tashi daga Marsiliya da alhazan Aljeriya. Amma tambayar Shehu biyu ce, kuma na faɗi a ɗaya.

Ki faɗa masa gaskiya yadda na rubuta. In ya ce Garba, to Garba.

Ki yafe mini.
Mukhtaru

*

Tandabawi
6 ga Shawwal, 1372

Auta, assalamu alaikum.

Goggonka Mairama ta rasu ranar ashirin da uku ga azumi, da hantsi. An yi mata salla a Harami, an kai ta maƙabartar Ma'ala. Ba ta wahala sosai ba a ƙarshe. Sa'adatu da yaro lafiya. Ni ban san abin da zan ce maka game da kaina ba.

Wasiƙarka ta zo kwana biyu bayan rasuwar. Na karanta ta a ɗakin Goggo, don nan ne ba mai shigowa.

Ranar uku ga Sallah Shehu ya aiko. Na tafi da Sa'adatu. Aka zaunar da mu a bayan labule, shi yana zaure da manyan masu shayarwa huɗu, da Garba. Ya yi mini ta'aziyya, ya yi wa mahaifinka addu'a mai tsawo. Sannan ya ce, "Ya Hajja, amsa ta zo?" Na ce ta zo. Ya ce, "Ya sha?" Na ce, "Ya rantse bai sha ba, har ruwa suke kawo masa suna dariya." Na ji mazan sun yi hamdala. Ya ce, "Ya ɗauka?"

Tun daga gida na shirya gaskiya. A kan hanya ma ita nake maimaitawa. Amma layin nan naka na jirgin Marsiliya ya tsaya mini a ƙirji. Na ce a raina yaron nan yana bakin ƙofa, kalma ɗaya ce za ta rufe ta, kuma daga bakina za ta fito. Sai na ji kaina ina cewa, "Bai ɗauka ba. Tuƙi kawai yake yi. Akwai masu ɗauka daban."

Garba ya ce, "Allah ya gafarta Shehu, ai ni ma ina karanta ajami. Inna ta ba da wasiƙar a duba, ƙila wani wurin ya shige mata, tun da karatun nata sabo ne." Sa'adatu ta damƙe mini hannu. Na ce, "Garba, na yi maka wanka kana cikin tsumma. Wasiƙar ɗana zuwa gare ni ba ta shiga hannunka." Shehu ya ce, "Uskut, yi shiru ya Garba. Matar Ja'afaru ba ta ƙarya. Shekara talatin ban kama mijinta da ƙarya ko ta tulu ɗaya ba." Sannan ya ce, "Hajja, kin shaida a kan haka?" Na ce na shaida.

Sai ya sa aka miƙo mini Zamzam ta ƙarƙashin labule, a tasar jan ƙarfe, mai sanyi, da ƙamshin mastika. Ya ce in sha in yi wa ɗana addu'a. Ba yadda zan yi in mayar. Na sha. Shekara arba'in ina shan ruwan nan, ban taɓa jin ya tsaya mini a maƙogwaro ba sai ranar. Ban yi addu'ar ba, ban san da wane baki zan yi ba.

Tun ranar ban shiga Harami ba. Ina jin kiran salla daga ɗaki, in yi tawa a nan. Sa'adatu tana ce wa mutane gwiwa ce. Ita kaɗai ta sani, don ta tambaye ni a hanya, kuma tun da na faɗa mata ba ta kalle ni sosai ba.

Da na dawo na sake ɗauko wasiƙarka. Na bi layin da yatsa, baƙi baƙi. Ba ka ce za ka zo ba. "Da a ce" ka rubuta. Ni ce na karanta abin da nake so.

Abin da ka faɗa game da mahaifinka na ji. Na fi ka sanin kafaɗar nan, kuma na ji ana kiran sa da sunan da ka ce, sau da yawa. Amma bai taɓa dawowa gida ya ɓoye mini abin da ya ɗauka a ranar ba. Kai kana kan kujera, mutum talatin na bayanka, kuma wasiƙa uku ka yaga kafin ka iya gaya wa uwarka.

Hoton laifina ne, na karɓa. Ƙaryar ma tawa ce, ba kai ka sa ni ba, kai cewa ka yi in faɗi gaskiya. Ba zan ɗora maka ita ba. Amma ba zan riƙe ta a banza ba. In kana zuwa, ka ajiye akwatin giyar nan daga ranar da ka karanta wannan, ka tuba, ka hau jirgi. Shehu ya ce in saƙo ya zo cewa kana hanya zai ajiye tulunanka har goma ga Zulƙida. Ni kuma in zauna da abin da na yi tsakanina da Ubangijina har in mutu, ina ganin ka kana wucewa da doraƙ a kafaɗa. Wannan zan iya.

In ba ka zuwa, ba zan bari a ba Garba gurbin a matsayin wanda ɗana mai tsabtar hannu ya ƙi ba, ina zaune ana yi mini jaje. Ranar rabon zan sa mayafina in koma bayan labulen nan in ce wa Shehu matar Ja'afaru ta yi ƙarya, ta kuma sha ruwansa a kai. Garba zai ji, unguwa za ta ji kafin azahar. Bayan nan zan iya shiga Harami.

Na sa an aika wannan ta jirgin sama don ta riske ka da wuri. Kada ka rubuto wasiƙa, ba za ta iso ba, kuma ba na son labarin fadoji. Ka buga wayar tangaraho zuwa shagon mijin Sa'adatu, ka ce kana zuwa ko ba ka zuwa. Ta iso ni kafin ɗaya ga Zulƙida. Shehu na fara rabo bayan sallar asuba, ni kuma da gwiwar nan sai na fita tun kafin a kira salla.

Mahaifiyarka,
Ummulkhairi